Ranar da Tagomas Ya Buɗe Gidan Wanka a Hasumiya

Duk sojan da ya ci sanyi a kan ganuwar Retiya, iyakar daular Rum ta arewa, a zamaninmu, in ka ce masa "Tagomas", sai ya nemi wurin zama kafin ya amsa, don dariyar ba ta barin mutum a tsaye. Ni kuwa ba labari aka ba ni ba. Hasumiya ɗaya muka zauna da shi, tukunya ɗaya muka ci, kwarkwata ɗaya ta cije mu.

Mu uku ne a hasumiyar da ke jikin Ƙofar Aladu. Da ni, Lukko. Da Baba Andekarus, babbanmu, wanda ya tsufa a cikin sulke, yana jiran bazara a sallame shi, a ba shi farantin tagulla, shaidar zama ɗan ƙasar Rum, ya auri Lubaini mai giya ta ƙauyen Harmundurawa da ke bayan ganuwa. Sai Tagomas, wanda ake kira Ɗan Rum.

Gaskiya ne ya taɓa zuwa Rum, korar alfadarai aka aike shi. Waɗanda suka tafi tare sun ce tun daga ranar da suka shiga birnin har ranar da suka fito yana kwance a bargar dabbobi, gudawa na sassaƙe shi. Amma a bakinsa babu lungun da bai shiga ba, babu babban mutumin da bai dafa kafaɗarsa ba. In ka yanka albasa, a Rum ba haka ake yanka ta ba. In ka yi atishawa, ya ga wani ɗan majalisa ya yi wadda ta fi taka.

Lubaini ce ta jawo abin, ba da niyya ba. Wata safiya ta kawo mana cuku da tulun giya, ta tsaya a gindin tsani, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Andekarus, wani abu ne ya mutu a hasumiyar nan?"

Baba ya leƙo daga ƙofa. "Babu abin da ya mutu."

"To ya kusa. Aladuna ma in suka zo wucewa ta nan ƙara sauri suke yi. Ni dai na faɗa maka, ba zan shigar da wannan warin ɗakina ba, ko da farantin zinariya ka zo."

Ta ajiye kayan ta tafi. Baba ya ɗaga hammata ya shinshina. Gidan wanka yana can sansani, tafiyar rabin yini cikin dusar ƙanƙara, layinmu kuma ba ya zagayowa sai an manta da mu. In ma ka je, kafin ka dawo ka sake jiƙewa da gumi.

Tagomas ya ajiye cokali. "Baba, ba ni ɗakin ƙasa."

"Ka yi me da shi?"

"Gidan wanka. Irin na Rum, mai wuta a ƙarƙashin daɓe, tururi na tashi. Ni da na ga na Kaisar, sarkin Rum kansa, da idona? Mai kula da shi har cewa ya yi, 'Tagomas, zauna ka koya mana.' Na ce a'a, ganuwa na jirana."

"Rufe mana baki."

"Gwiwar nan taka da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, zama uku a tururi ta warke. Ka fito fes, kana sheƙi. Amarya ta gan ka ta ce, wannan saurayin fa daga ina?"

Baba ya dubi gwiwarsa, ya dubi hanyar da Lubaini ta bi. Ya ce, "Kada dai ka taɓa tulin alama."

"Ni? Haba Baba."

Hasumiyarmu irin sauran ce. Ɗakin ƙasa na hatsi ne, ba shi da ƙofa sai murfi a daɓen katakon da ke samansa, da wata 'yar tagar shan iska mai kallon arewa, wajen Harmundurawa. Ɗakin tsakiya nan muke kwana, ƙofarsa a sama take, sai da tsani. Can ƙoli kuma wurin gadi. A gefe akwai tulin busasshen itace da tulin ciyawa, su ne tulin alama, ana kunna su hayaƙi ya sanar da hari. Wanda ya taɓa su ba dalili, bayansa ne zai yi wa sandar hafsa Ferekundus bayani.

Muka kwashe buhunan hatsi muka tara a ɗakin kwana, har babu wurin miƙe ƙafa. Ɓeraye suka ga an tashi, su ma suka biyo kayansu. Tagomas ya ɗauki guduma ya fara fasa gindin hasumiya ta kudu, wai bakin murhu. Dutsen farko da ya fito a kan babban yatsansa ya sauka. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya zagaye tulin ciyawa, hawaye na zuba.

Na ce, "Sannu, gwani."

"Wane sannu? A Rum haka ake gwada dutse. In bai yi zafi ba, ba a gini da shi."

Ya jera ƙananan ginshiƙai a ƙasan ɗakin, sai aka rasa faffaɗan duwatsun da za a shimfiɗa a kai. Washegari da hantsi muka gan shi a kan ganuwa da ƙarfen ɓamɓara, yana cire duwatsun da aka rufe kanta da su. Da ya cire na sama, na ƙasa suka ga an buɗe musu hanya, suka bi su.

Baba ya kusa faɗowa daga ƙoli. "Kai! Ganuwar Kaisar kake rushewa?"

"Aro ne, Baba. Kaisar ba ya hawa ta nan."

Daga hasumiyar da ke kan tudu gabas da mu, Gambas, babban masu gadin can, ya haɗa tafin hannu a baki ya kwarara murya.

"Ɗan Rum! Yaushe ka koma ɓangaren Harmundurawa? Su ma tun kakanninsu ba su taɓa cire dutse ɗaya ba!"

"Jahili! Ranar da za ka zo roƙon wanka, a bayan aladu za ka bi layi!"

Saura abin dafa ruwa. Duk yankin babu babbar tukunyar tagulla sai ta giyar Lubaini. Tagomas ya ja ni muka bi ta ƙofa muka shiga ƙauyensu. Muka same ta tana tace tsaba.

"Amaryar Baba, barka da aiki."

"Mai baki, me ka zo ci?"

"Ba ci ba, aro. Tukunyar nan."

"Ka shiga cikinta da wannan jikin naka, sannan in dafa wa mutane abin sha?"

"Ba shiga za a yi ba. Tururi kawai. Ke ba ki san ilmin ba. A Rum…"

"A Rum an ce a kwance ka ga rufin barga."

"Maƙiya ne suka faɗa."

"Alfadaran ne maƙiyan?"

Ta dai ba da ita, ta ce in har zai sa tsohon nan ya daina wari, ko ƙofar ɗakinta yake so ya ɓalle ya tafi da ita. Muka gangaro da tukunya, muka ɗaura mata igiya muka ja ta sama har ɗakin tsakiya. Nan ta ƙi wucewa ta murfi. Tagomas ya auna da hannu, ya auna da ƙafa, ya ɗauki gatari.

Na ce, "Wannan azarar ita ke riƙe da daɓen."

"Ita kaɗai? Ragowar aikin me suke yi?"

Ya sare ta. Tukunya ta wuce. Daga ranar, ko tari ka yi a ɗakin kwana sai daɓen ya amsa.

Ranar gwaji ya cusa ɗanyen itace a bakin murhu ya hura. Hayaƙin ya leƙa ƙarƙashin duwatsun, bai ga abin da ya yi masa ba, ya juyo ya bi ta tsaga-tsagai ya cika ɗakin ƙasa, ya hau ta murfi ya cika ɗakin kwana, ya wuce ƙoli ya sami Baba. Ɓeraye ne suka fara sauka ta tsani, ni a bayansu. Baba ya sauko a ƙarshe, baƙi ƙirin, idanu jajur, yana tari kamar tsohon doki.

Gambas ya sake ɗaga murya. "Me kuke bandawa ne? Ku aiko mana da cinya!"

Tagomas ya share fuska, ya dubi hayaƙin yana murmushi. "Madalla. Wuta na aiki ke nan. Bututu kawai ya rage."

Bututun ya samu ne ranar da Baba ya je ƙauye gaishe da surukai. Da ya dawo ya hau ƙoli, ya tarar da ƙusa a bango babu kakakin tagulla da ake busawa in an ga hari. Ya leƙa ƙasa, sai ga bakin kakakin ya fito ta jikin hasumiya, an liƙe shi da laka, hayaƙi na fita ta ciki siriri.

"Tagomas! Na rantse da Jufita yau sai na kashe ka!"

"Baba, yaushe rabon da a busa shi? Gizo-gizo har ya yi jikoki a ciki. Yanzu ne ma ya sami aikin yi."

"In aka kawo hari fa?"

"Wa zai kawo? Surukanka?"

Baba ya ɗaga hannu zai kai masa mari, sai ya ji tafin ƙafarsa ya yi ɗumi. Zafi ne ke tasowa daga ƙasa ta cikin katako. Ya tsaya. Ya sauke hannun a hankali, ya zauna a kan buhu, ya miƙe gwiwar nan mai ciwo. Bai sake maganar kakaki ba.

Ita kuwa wutar, ci gare ta kamar sabon soja. Itacen daji a jiƙe yake, sai tulin alama ya fara ramewa daga ƙasa, guda-guda. Da ya rame har ana hango bayansa, gungumen da ake tokare ƙofar ganuwa da shi ya ɓace. Ƙofa ta koma iska na wasa da ita. Aladun Lubaini suka ji ɗumi, suka tsallako ƙasar Rum ba tare da izinin kowa ba, suka kwanta jere a bakin murhu.

Tagomas ya ce, "Kun gani? Dabba ma ta san abu mai kyau. Ga baƙinmu na farko."

Ya sa ranar buɗewa ta dace da ranar kasuwar ƙofa, don a samu shaidu. Da hantsi fili ya cika. Harmundurawa sun shigo da fatu da zuma da cuku, 'yan kasuwar sansani sun baza gishiri da wuƙaƙe da tulunan miyar kifi. Mai garinsu Randulf, yayan Lubaini, ƙaton mutum mai gemu har ciki, ya zo da kansa. Baba yana ƙoli yana gadi, an yi masa alkawarin shiga ta biyu.

Tagomas ya fito ƙofar sama, ya naɗa bargon doki a kafaɗa irin na 'yan majalisa, ya ɗaga hannu.

"Jama'ar kudu da jama'ar arewa! Yau Rum ta zo muku har gida! Abin da kakanninku ba su gani ba…"

Wata tsohuwa mai zuma ta ce, "Mun ga bargo, ɗana. Na dokin wa ne?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya tsiyaya 'yar giya ƙasa don gunkiya Fortuna mai gidajen wanka, ta sauka a kan wani mai gishiri. Sannan ya buɗe kaskon kitsen alade.

Na ce masa a hankali, "Ba man zaitun ake shafawa ba?"

"Talakawa ke shafa zaitun. Likitan Kaisar da bakinsa ya ce mini kitse ya fi kama jiki."

Ya juya ciki ya yar da bargo, ya mulke jikinsa tun daga wuya har tafin ƙafa, ya sauka ta murfi. Ni aka bari a bakin murhu. Ba a jima ba muryarsa ta fito ta cikin bango.

"Lukko! Ƙara wuta!"

Na ƙara.

"Ƙara! Wannan ai ɗumin kaza ne! A Rum sai fata ta yi ja!"

"Itace ya ƙare!"

"Zuba ciyawa!"

"Ta alama ce! Ni ba ruwana!"

Randulf ya ji mu. Mutum ne mai son taimako. Ya ce da samarinsa, "Ba ku ji baƙo na jin sanyi ba?" Kafin in buɗe baki sun rungumo tulin ciyawar nan gaba ɗaya, da dusar ƙanƙarar da ke kansa, sun tura a bakin murhu. Abin da ya shiga ya shiga, abin da bai shiga ba ya kama a waje. Wani baƙin hayaƙi mai kauri ya miƙe sama tsaye kamar an kafa gungume.

Baba ya fara ihu daga ƙoli. "Ku kashe! Ku kashe ta!"

Na hango Gambas a kan hasumiyarsa ya sa hannu a goshi. Ya san halinmu, bai taɓa nasa tulin ba, yana dai ɗaga mana hannu yana tambaya. Da a nan abin ya tsaya, da mun sha.

Sai muka ji ƙara daga ciki, tau! kamar an fasa dutse da tsawa. Ashe fasa dutsen aka yi. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin tukunya ce ta tsage don zafi, tukunya ta kife, tafasasshen ruwa ya kwarara a kan jajayen duwatsu. Tururi ya rasa hanya sai ta kakaki. Abin da ya shekara ba a busa ba ya saki wani irin kuka mai tsawo, wanda ko mabushin sansani bai taɓa fitar da irinsa ba. Hankaki suka tashi daga daji.

Ga hayaƙi, ga kakaki. Gambas ya daina tambaya. Nasa hayaƙin ya tashi, na hasumiyar gaba da shi ya tashi, na gaba ya tashi, gabas da yamma, har iya ganin ido.

Kasuwa ta watse. 'Yan sansani suka ɗauka Harmundurawa ne suka yi shiri, suka yi kudu. Harmundurawa suka ɗauka tarko aka ɗana musu, suka yi arewa, suna matsatsi a ƙofa. Aladu suka rasa ɓangaren da za su bi, suka bi ta ƙarƙashin tsani suka kayar da shi, Baba ya rage a sama. A ciki kuma daɓen nan mai amsa tari ya ga lokacinsa ya yi. Ya sunkuya, buhunan hatsi suka gangara suka toshe murfi, suka karya ɗan tsanin ciki.

Wutar dai ruwan tukunya ya kashe ta. Amma Tagomas yana rufe a cikin tururi, yana rawa a kan duwatsu masu zafi, hanya ɗaya ta rage masa, 'yar tagar arewa. Ya yi tsalle ya kama azara, ya zura ƙafafu waje don ya dira a tsaye. Ƙafafu suka wuce. Cinyoyi suka wuce. Abin da ke biye da cinyoyi, da taimakon kitse, ya wuce. Da aka zo kan tumbi, taga ta ce nan ta tsaya.

Harmundurawa sun kai bakin daji, suka ga babu mai bin su, suka waiwayo. Daga jikin hasumiyar Kaisar, ga wani farin abu mai faɗi yana kallon ƙasarsu, yana ƙyalli a rana, ƙafafu biyu na harbin iska a ƙarƙashinsa.

Sai tsohuwar nan mai zuma ta ce, "To. Ga Rum ta zo mana har gida."

Suka dawo gaba ɗaya, har waɗanda ba su zo kasuwa ba. Na zaga ta ƙofa na kama ƙafa ɗaya, wani saurayi ya kama ɗaya, muka ja. Hannayenmu suka zame muka zauna a laka. Muka ɗaura igiya, ta zame. Mata suka tsaya gefe suna shawara, wata ta ce a ƙara kitse, wata ta ce a bar shi ya rame zuwa bazara. Aladu kuma suka ji ƙamshin ɗan'uwansu, suka taru suna lasar tafin ƙafarsa. Daga cikin hasumiya kana jin Tagomas yana dariya yana kuka yana zagi, duk a numfashi ɗaya.

Haka muke har rana ta karkata, ƙasa ta fara rawa. Mahayan sansani ne a guje, mashi a miƙe, sojojin ƙafa a bayansu suna haki, harshe a waje. A gaba hafsa Ferekundus, rabin fuskarsa a aske, rabi da gemu, don a hannun wanzami alamar ta same shi.

Ya ja linzami a gabana. "Ina suke?"

"Su wa, ranka ya daɗe?"

"Abokan gaba, ɗan jaka!"

Na nuna masa ƙofa. Ya dubi ƙofar a buɗe ba tokari. Ya dubi giɓin da ke kan ganuwa. Ya dubi kakaki a jikin bango yana ɗigar ruwa. Ya leƙa arewa, ya daɗe yana kallo, ya dawo. Ya sa aka tayar da tsani ya hau, ni da wasu muka bi shi, muka janye buhuna daga murfi. Baba yana tsaye a gefe ya ƙame, fuskarsa kamar ta gawa. Hafsa ya durƙusa ya leƙa. Can ƙasa cikin sauran tururi ga kan Tagomas da hannaye biyu sun fito daga bango.

"Soja, me kake yi a nan?"

Tagomas ya ɗaga kai, ya yi ƙoƙarin sara masa. "Ina tsaron taga, ranka ya daɗe. Da na ji kakaki, na toshe ta da jikina kada abokan gaba su shigo."

"Da wane ɓangaren jikin kake fuskantar su?"

"Da wanda ya fi faɗi, ranka ya daɗe. Dabara ce ta Rum."

Wani soja a bayana ya cusa hularsa a baki. Sai ga muryar Randulf daga ƙasa, yana neman babban sojoji. Hafsa ya fita kan ganuwa, inda rundunar duka ta riga ta hau ta jeru tana leƙe.

Randulf ya ce, "Kai mai rabin gemu! Shekara da shekaru muna zaman lafiya da ku. Ku ci cukunmu, ku sha giyarmu, ɗayanku ma yana neman ƙanwata. Yau kuma ranar kasuwa, a gaban matanmu da tsofaffinmu, wannan ne abin da Kaisar ya ga ya dace ya nuna wa ƙasarmu? In saƙo ne, a faɗa mana ma'anarsa, mu san amsar da za mu mayar."

Hafsa ya dubi Harmundurawan da suka cika fili, ya dubi sandar itacen inabin da ke hannunsa. Ya jefa masa ita.

"Mayar da amsarka, mai gari."

Randulf ya cafe, ya gwada nauyinta, ya tofa yawu a tafi. Hafsa ya koma bakin murfi ya tsuguna. Sanda ta farko ta sauka a bayan Tagomas, fau!

"Hari!" in ji Tagomas. "Ranka ya daɗe, hari daga arewa!"

"Riƙe wurinka, soja."

Fau!

"Suna da yawa, ranka ya daɗe! A turo taimako!"

"Rum na alfahari da kai. Kada ka ja da baya."

"Ba ni da wani bayan da zan ja!"

Ban san ta nawa ba ce ta yi aikin. Ya dai tsotse tumbi don azaba, ya saki wani ihu, sai ga shi ya sulluɓe ta tagar kamar ƙwallon da aka matse daga 'ya'yan itace, ya faɗa tsakiyar aladu. Sojojin kan ganuwa suka buga garkuwa da mashi, Harmundurawa suka yi guɗa irin tasu. Ya miƙe, laka har ido, hannu ɗaya gaba ɗaya baya, ya buɗe baki.

"A Rum…"

Lubaini ta kifa masa lotsattsiyar tukunyarta a ka. Ragowar maganar a ciki ta ƙare.

Aka naɗe shi da buhu aka ɗora a alfadari, a kife, don zama ya gagara. Hafsa ya ce magudanar bayan gidan sansani ta daɗe tana neman gwani daga Rum. Sannan ya juyo kan Baba, dariya ta ƙare.

"Andekarus, kai ne babba a nan. Kafin ƙanƙara ta narke ina so in ga ganuwa da ƙofa da hasumiya yadda Kaisar ya bar su. Ba zan ba ka mutum ko ɗaya ba. In na dawo na ga giɓin da ɓera zai bi, ka manta da farantin tagulla. A cikin sulken nan za a binne ka."

Da suka tafi Baba ya zauna a kan dutsen da ya faɗo daga ganuwa, ya dubi giɓin, ya dubi hannayensa. Aikin mutum goma ne, mu kuwa biyu, ɗaya da gwiwa ɗaya. Bai zagi kowa ba. Ya ce mini kawai, "Lukko, tun ina saurayi nake ƙirga bazarar nan." Lubaini tana tsaye da tukunyarta a hannu, ta dube shi ta daɗe, ta juya ta shige ƙofa ba sallama. Na ce a raina, shi ke nan, aure ma ya bi tururi.

Da gari ya waye muka ji hayaniya. Lubaini ce a gaba, Randulf a bayanta, ƙauyen duka a bayansa, da shanu na jan duwatsu, da azara sabuwa, da gungumen ƙofa wanda ya fi na da.

Ta ɗaga kai ta ce, "Sauko, tsoho. Na dafa ruwa a gida, ka je ka yi wanka a bayan ɗaki kamar kowane mutum. Mu za mu yi wannan."

Ranar da hafsa Ferekundus ya dawo dubawa, ya tarar da Harmundurawa a kan ganuwar Kaisar suna jera dutse suna waƙa. Hasumiya ta gyaru, kakaki na kan ƙusarsa, tagar arewa an toshe ta da dutse da laka. Ya bi ganuwar da ido, ya ga wajenmu ya ɗara sauran tsayi da kamu guda, kuma ba su da niyyar tsayawa.

Ya ce, "Mai gari, ya isa haka. Ai kun wuce inda take a da. Kun manta don ku aka gina ta?"

Randulf ya ɗora wani dutsen, ya daddanna shi, ya share gemu.

"Bar mu mu ƙara, yallaɓai. Da ba mu san abin da take tare mana ba. Yanzu mun gani."